Hoto a Matsayin Shaida: Ɗaukar Hoton Ƙwayoyin Cuta Tun Daga Zamanin Koch



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ba zai rasa ganin waɗansu 'yan farantai masu murfi ba, na gilashi ko na roba, an jera su a kife, wani bisa wani. Faɗin galibinsu santimita 9 ne. A cikinsu akan zuba wani abinci mai kama da daskararren romo, a shafa masa ɗan fitsarin majiyyaci, ko bayan gidansa, ko mugunyar gyambonsa, sa'an nan a sa a cikin akwatin ɗumi ya kwana. Kashegari sai a tarar da waɗansu ɗige-ɗige sun tsiro a kai. Kowane ɗigo tsibi ne na miliyoyin ƙwayoyin cuta, irin waɗanda masana ke kira bakteriya, kuma galibi zuriyar ƙwaya guda ce wadda ta kwana tana rabuwa gida biyu, biyun su zama huɗu, har ta tara abin da ido ke iya gani.

To, abin da ya tsiro a farantin nan rayayye ne, ba ya tsayawa a kan kama ɗaya. Yadda yake da safe ba haka zai wayi gari gobe ba, in kuwa aka bar shi mako guda sai ya bushe ko ya yi fumfuna. Ba ma a barinsa, domin haɗari ne. Da an gama karanta shi sai a sa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 a hallaka abin da ke ciki. Watau shaidar da aka dogara da ita aka ba majiyyaci magani, ko aka rufe rijiyar unguwa, takan ɓace cikin 'yan kwanaki. Abin da ke saura shi ne rubutun ma'aikaci, da kuma hoto in an ɗauka. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Batun wannan lacca shi ne a duba ko wane irin gani ne hoton yake bayarwa, da kuma sharuɗɗan da in ba a cika su ba hoton bai fi ji ba.

Likitan Wollstein

Tarihin wannan aiki ya faro ne daga wani likitan gunduma Bajamushe, Robert Koch, wanda ya zauna a ƙaramin garin Wollstein daga 1872 zuwa 1880. Garin yana cikin ƙasar Folan a yau. A ƙasar da yake aiki ciwon saifa yana kashe dabbobi, wani lokaci har da mutane, shi kuwa sai ya keɓe wani sashe na ɗakin da yake duba marasa lafiya ya mai da shi wurin bincike. A 1876 ya tafi birnin Breslau ya nuna wa shahararren masanin tsirrai Ferdinand Cohn yadda ƙwayar wannan ciwo take rayuwa tun daga farko har ƙarshe, kuma a shekarar aka buga sakamakon.

Amma fa a wancan zamani masana ba su da hanyar nuna wa juna abin da suka gani a madubin likita sai zane. Mutum ya duba, ya ɗauki fensir ya zana, wani a wani gari shi ma ya duba nasa ya zana, sa'an nan su shiga jayayya a mujallu ba tare da sanin ko abu guda suke magana a kai ba. Kuma jayayyar ba ƙarama ba ce. Carl von Nägeli na birnin Munich da waɗansu manyan malamai suna kan ra'ayin cewa bakteriya ba su da nau'o'i tabbatattu, mai kama da sanda yau tana iya rikiɗa ta zama mai kama da ƙwallo gobe. In da haka ne, to babu ma'ana a ce ƙwaya kaza ce ke kawo cuta kaza, kuma duk ilmin binciken cututtuka ya rushe tun bai tashi ba. Koch da Cohn suna ganin akasin haka. Sai dai zane ba ya iya raba wannan gardama, domin hannun mai zane yakan bi abin da zuciyarsa ta riga ta gaskata: ya gyara gefen da ya dushe, ya tsallake dattin da ya ga bai da amfani, alhali kuwa wataƙila dattin ne hujjar abokin jayayyarsa.

Saboda haka Koch ya koyi ɗaukar hoto. Wahalar abin sai wanda ya san kayan aikin lokacin. Babu fim, sai an shafa wa allon gilashi sinadari, a ɗauki hoton tun yana da danshi, a wanke shi nan take kafin ya bushe. Babu kuma fitilar da haskenta zai wadatar, sai hasken rana, wanda ake karkato shi cikin ɗaki da wani madubi mai tafiya da injin agogo yana bin rana a hankali. Gajimare guda in ya gifta ya ɓata aikin yini. Duk da haka a 1877 ya buga maƙala a mujallar Cohn a kan yadda ake shanya bakteriya a bisa gilashi, a rina su, a adana su, a ɗauki hotonsu, kuma hotunan da suka fito a cikinta ana lissafa su a cikin na farko da aka taɓa bugawa na waɗannan halittu. A 1881, bayan ya koma Balin yana aiki a ma'aikatar lafiya ta daular Jamus, ya sake buga wata da hotuna 84. A cikinta ne ya bayyana ra'ayinsa cewa akwai yanayin da hoton abu yake fin abin kansa muhimmanci. Dalilinsa mai sauƙi ne. In aka aika wa wani masani gilashin da aka shafa, ba lalle ne ya dubi daidai wurin da mai aikowa ya duba ba, ko ya saita madubinsa da haskensa daidai da nasa. Hoto kuwa yana tilasta wa kowa ya tsaya a inda mai binciken ya tsaya, kuma yana tona asirin mai binciken in aikinsa ba shi da tsabta.

Akwai wani abin lura a nan. Allunan hoto na wancan zamani launin shuɗi suka fi ji, har ya zama abin da aka rina da shuɗi yakan fito fari-fari ya saje da hasken da ke bayansa. Don haka Koch ya fi son rini mai launin ƙasa-ƙasa in hoto zai ɗauka. Ƙwayar tarin fuka kuwa, wadda ya sanar da gano ta a Balin ranar 24 ga Maris, 1882, da rinin shuɗi ya fara ganinta, kuma babbar maƙalarsa ta 1884 a kan wannan cuta da zane-zane masu launi ta fito. Mutumin da ya fi kowa sukar zane, ga shi ya koma gare shi a kan babban aikin rayuwarsa. Tun daga farko ke nan an san kyamara tana da nata makanta.

Daga dankali zuwa faranti

Hotunan da aka ambata duk ta cikin madubin likita aka ɗauke su. Hoton tsibi a kan faranti bai samu ba sai da aka sami farantin. Da farko a cikin romo ake renon bakteriya, inda nau'o'i ke cakuɗewa ba a iya raba su. Koch ya yi amfani da yankakken dafaffen dankalin Turawa, sa'an nan ya koma ga jelatin, watau sinadarin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. Wannan dabara ce ya nuna a Landan a 1881 a gaban Joseph Lister da Louis Pasteur. Aibin jelatin biyu ne: waɗansu bakteriya suna cinye shi su mai da shi ruwa, kuma yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, wanda shi ne digiri 37. A ƙasa irin ta Hausa, da bazara, ko a kan tebur ba zai daskare ba.

Maganin matsalar daga kicin ya fito. Fanny Hesse, matar likita Walther Hesse wanda ya yi aiki a ɗakin binciken Koch, ta ba da shawarar a gwada aga, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ta san ana daskarar da kayan zaƙi da shi a tsibirin Jawa mai zafi. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, kuma kaɗan ne daga cikin bakteriya ke iya cinsa. Koch ya ambaci aga a maƙalarsa ta 1882, amma bai ambaci sunanta ba. A 1887 wani mataimakinsa, Julius Richard Petri, ya kawo ɗan gyara: faranti mai murfin da ya ɗan fi shi faɗi, yana hana ƙura faɗawa amma ba ya hana iska shiga. Shi ya sami suna, har yau farantin Petri ake cewa.

Abin da hoto guda ba ya faɗa

Hoton faranti da ya fi kowane shahara a duniya shi ne na Alexander Fleming. A watan Satumba na 1928 ya komo daga hutu zuwa asibitin St Mary's a Landan, ya tarar fumfuna ta tsiro a gefen wani faranti da ya shuka ƙwayoyin da ke kawo maruru, kuma tsibin da ke kusa da fumfunar sun narke. Ya ɗauki hoto, hoton ya fito a maƙalarsa ta 1929, inda ya raɗa wa sinadarin suna fenisilin. Mai kallon hoton zai ce ai labarin a fili yake: ƙwayoyi sun tsiro, fumfuna ta faɗo, ta kashe su.

Sai dai shekaru da yawa bayan haka Ronald Hare, wanda ya yi aiki a wannan asibiti a lokacin, ya gwada maimaita abin ta wannan hanya ya kasa. Fenisilin ba ya taɓa tsibin da ya riga ya girma; ƙwayar da ke cikin rabuwa yake kashewa, domin ginin bangonta yake hanawa. Hare ya bi bayanan yanayin Landan na bazarar 1928, ya ga an yi 'yan kwanaki na sanyi sa'an nan zafi ya biyo baya. A littafin da ya buga a 1970 ya kai ga ra'ayin cewa farantin a kan tebur aka bar shi, ba a akwatin ɗumi ba. Fumfuna mai son sanyi ita ta fara tsirowa ta zuba sinadarinta, ƙwayoyin suka taso daga baya da zafi ya zo. Hoton bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi wa ya riga wa ba, bai faɗi zafin ɗakin ba, bai faɗi kwana nawa aka yi ba. Waɗannan kuwa su ne rabin ilmin.

Masu bincike na wannan ƙarni sun nemi toshe wannan giɓi da ɗaukar hotuna a jere. A 2016 Michael Baym da Roy Kishony da abokan aikinsu a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gina wani ƙaton faranti mai faɗin santimita 60 da tsawon 120. Suka raba shi sashe-sashe: gefuna biyu babu magani, sa'an nan kowane sashe na gaba ya ninka na bayansa sau 10 a ƙarfin magani, har tsakiya. Suka zuba baƙar tawada a cikin aga domin ƙwayoyin su fito fari, suka rataye kyamara a sama tana ɗauka lokaci-lokaci. A cikin kimanin kwana 11 an ga ƙwayoyin suna tsayawa a bakin kowace iyaka, sai waɗansu 'yan kaɗan da halittarsu ta canja su ɓalle su tsallaka, har suka isa tsakiya inda maganin ya ninka na sashen farko sau 1,000. Abin da likitoci suka daɗe suna bayani da baki game da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, ga shi kowa ya gani da idonsa.

Haske, kusurwa da awo

A nan ya kamata a daɗe kaɗan, domin nan ne aikin yau da kullum yake. Faranti guda yana iya ba da hotuna uku mabambanta bisa ga inda haske ya fito. A kan aga mai jini, waɗansu ƙwayoyin suna fasa jinin da ke kewaye da su sarai har wurin ya zama garau, waɗansu kuwa rabi-rabi suke fasawa wurin ya yi kore-kore, kuma wannan bambanci yana cikin matakan farko na gane ko wace ƙwaya ce. Ba a ganinsa sosai sai haske ya ratso farantin daga baya. Akwai kuma wani abinci da ake reno a kansa wanda ƙwayar hanji da ake kira E. coli take yin wani ƙyalli kore a bisansa kamar bayan ƙudan bujimi; shi wannan sai hasken da ya faɗo daga sama a karkace ke nuna shi, in an hasko daga baya sai a ga baƙin ɗigo kawai. Ƙananan tsibi marasa launi kuwa sukan ɓace a kan farar takarda. Dabarar ita ce a ɗaga farantin bisa baƙin ƙyalle a hasko shi ta gefe, sai su fito suna sheƙi a cikin duhu.

Launi ma hukunci ne. Ƙwayar kwalara, cutar amai da gudawa da ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, takan fito ruwan ɗorawa a kan koren abincin da aka tanada domin ita, waɗansu danginta kuwa su fito kore. Kyamarar wayar hannu tana gyara launi da kanta ba tare da an tambaye ta ba, kuma hoton da aka ɗauka ƙarƙashin doguwar fitilar ofis ba ya daidai da wanda aka ɗauka a bakin taga. Shi ya sa mai hankali yakan ajiye ɗan kati fari ko mai ruwan toka a gefen farantin, domin mai duba hoton ya san gwargwadon yadda launin ya karkace.

Murfi kuma fitina ne. Yana ƙyalli, yana nuna fitila da fuskar mai ɗauka, kuma gumi yakan taru a cikinsa, dalilin da ya sa ake ajiye farantai a kife ke nan. Hoto ya fi kyau in an cire shi. Amma cire murfi buɗe wa cuta ƙofa ne, ba a yinsa sai a cikin akwatin kariya mai zuƙe iska, kuma akwai ƙwayoyin da ko kusa ba a buɗe su don hoto. Wayar da aka riƙe da safar hannun da ta taɓa faranti, ita ce za a kara a kunci an jima, ita ce yaro zai yi wasa da ita da dare.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne gwajin magani. Hanyar da William Kirby da Alfred Bauer da abokansu suka daidaita a 1966 ita ce a shafe faranti da ƙwayar majiyyaci, a ɗora 'yan takardu masu faɗin milimita 6 waɗanda aka jiƙa da magunguna daban-daban, a bar shi a ɗumin digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Maganin da ke aiki yakan bar da'ira wadda babu tsiro a cikinta, a auna faɗinta da milimita a duba jadawali. Tazarar milimita ɗaya ko biyu tana iya mai da hukunci daga cewa magani zai yi aiki zuwa cewa ba zai yi ba. To, a ɗauka an riƙe waya santimita 15 daga fuskar aga, aka ɗora rula a kan murfi, watau ta fi aga kusa da kyamara da santimita 1. Rular za ta fito da girman da ya ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100, sai da'irar milimita 20 ta auna ƙasa da 19. In kuma an karkata wayar, da'irar ta koma kamar ƙwai, faɗinta ya dogara ga ta inda aka auna. Saboda haka tilas kyamara ta dubi farantin kai tsaye, ta ɗan yi nisa, ma'auni kuma ya zauna daidai da fuskar aga. Takardun maganin ma kansu ma'auni ne, tun da an san faɗinsu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wannan yanki: wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina asara.

Amanar mai ɗauka da ta mai karɓa

A zamanin Koch gyara hoto sai gwani. Da kwamfuta ta zo, ya zama aikin minti biyu. Masana sun amince a ƙara haske ko a rage shi, muddin dukan hoton aka yi wa, kuma bai ɓoye kome ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a goge tsibin da ya tsiro inda ba a so, ko a ɗauko hoto guda a ba shi suna biyu. A 2016 Elisabeth Bik da Ferric Fang da Arturo Casadevall suka ba da rahoton cewa sun duba maƙalu 20,621 na kimiyyar halittu a mujallu 40, suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a cikin kashi 3.8 cikin 100, kuma aƙalla rabin waɗannan suna da alamun ganganci. Kayan aikin da Koch ya kawo don ya kashe son zuciyar mai zane, ga shi son zuciya ya koyi amfani da shi.

Ga ɗalibi, ma'anar wannan ita ce ya adana hoton asali yadda ya fito daga kyamara, ya ɗauki farantin da bai ba da abin da yake so ba kamar yadda ya ɗauki wanda ya bayar, ya kuma rufe sunan majiyyaci da ke rubuce a gindin farantin kafin hoton ya bar ɗakin, domin ciwon mutum sirrinsa ne.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda ba shi ne zai riƙe kyamara ba amma teburinsa rahoton zai sauka, akwai tambayoyin da yake da haƙƙin yi ko da bai karanta kimiyya ba. A ɗauki misalin ruwan sha. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami E. coli ko guda a cikin mililita 100. Akan tace ruwan ta wata siririyar matata, a ɗora matatar a kan faranti, a ƙirga abin da ya tsiro. In ɗan kwangilar da ya haƙa rijiyar burtsatse ya haɗo rahotonsa da hoton faranti fes babu ko ɗigo, sai a tambaye shi daga wace rijiya aka ɗebo ruwan, ran nawa ga wata, awa nawa ya yi a hanya kafin a shuka shi, a kan wane abinci, da zafi nawa, kuma awa nawa farantin ya yi a ɗumi kafin a ɗauki hoton, domin farantin da aka ɗauka awa biyu bayan shuka fes yake fitowa ko da ruwan kwata aka zuba masa. Sa'an nan a nemi hoton faranti na biyu, wanda aka shuka wa ƙwayar da gangan a rana ɗaya, a kan abinci ɗaya, a cikin akwati ɗaya. In shi ma wannan bai tsiro ba, to abincin ne ya lalace ko wutar akwatin ta ɗauke da dare, kuma sai a sake ɗebo ruwan.